Sunan wani a jikin jirgi, sunan wani a takardar albashi

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da masana. Na taso daga Shikago zan koma ƙaramin garin da nake aiki, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a sama ba. Jirgin safe aka soke, wai babu kyaftin. Muka wuni a filin jirgi sai bayan la'asar aka samo mana wani. Tikitin a wurin babban kamfani na saya, fentin jirgin nasu ne, kayan ma'aikaciyar jirgin nasu ne, har takardar goge baki da aka ba ni da tambarinsu. Amma a ƙasan tikitin, da ƙananan baƙaƙe irin waɗanda sai ka sa tabarau, an rubuta cewa wani kamfani daban ne ke tuƙa jirgin.

Ba baƙon abu ba ne a wurina, domin Autan gidanmu a irin wannan ƙaramin kamfanin yake aiki, mataimakin matuƙi ne. Abin da ke damuna shi ne, tun 2023 da labari ya bazu cewa matuƙa jirgin sama a Amurka sun samu ƙarin albashi na kashi 34 har 40 cikin 100, 'yan uwa a gida suka ɗauka yaron nan ya haye. Wannan ya turo kuɗin makaranta, wancan ya turo lissafin rufin ɗaki. Alhali waccan yarjejeniyar ko sunan kamfaninsu babu a ciki. To ina tambaya: ƙungiyar matuƙan nan da ake ta yabo, wa take karewa? Manya ta sani, ko har da yaranmu?

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Wato kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma Baban Ilham ban gane ba, babban kamfanin me ya hana shi tuƙa jiragensa da kansa? Ba shi da direbobi ne?

Injiniya: Ɗan Maraɗi, ka ɗauke shi kamar shatar mota. Kai ne mai tasha, kai kake yanka tikiti, kai kake sa farashi, kai kake zuba mai, kai kake cewa yau motar nan Zinder za ta, gobe Tawa. Shi mai motar nasa kawai ya kawo mota da direba da bakanike, ka biya shi kuɗin kowane sawu, ko mota ta cika ko ba ta cika ba. Haka Delta da United da American suke yi da ƙananan kamfanoni irin su SkyWest da Republic. Wasu ƙananan ma mallakar manyan ne ɗungurungum: Endeavor na Delta ne, Envoy da PSA da Piedmont na American ne. Gida ɗaya, amma tukunya daban, takardar albashi daban, jerin ma'aikata daban. Kafin korona kusan kashi 40 cikin 100 na jiragen fasinja da ke tashi a Amurka waɗannan ƙananan ne ke ɗaga su. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, direbansu ya fi araha.

Kwamared: Allah ya ƙara lafiya, Injiniya. Ai wannan tsohuwar dabara ce, rigar kawai aka sake mata. Mu da muka yi aikin masaƙa a Kaduna mun san ta tun kafin ta hau jirgi. Ka raba ma'aikata gida biyu, ka ce wa waɗannan ku ne 'yan gida, waɗancan 'yan kwangila ne, shi ke nan ka huta, su za su riƙa hararar juna maimakon su harare ka. Baban Ilham, kada ka ɗora wa ƙungiya laifin da mai kamfani ya shirya.

Baban Ilham: Kwamared, ranka ya daɗe, ban wanke mai kamfani ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya sa hannu a takardar da ta ba da damar a fitar da aikin waje? Ba kamfani kaɗai ya sa ba.

Injiniya: Nan kam Baban Ilham ya taɓo wurin. A cikin kowace yarjejeniya ta manyan matuƙa akwai wani sashe da suke kira sikof, ni shinge nake ce masa. Shi ne yake faɗin wane irin jirgi aka yarda a ba ɗan waje ya tuƙa, da guda nawa. A yanzu a manyan kamfanonin nan uku shingen ya tsaya a kujera 76, nauyin jirgi lokacin tashi kuma kada ya wuce fam 86,000, wato kusan tan 39. Duk abin da ya haura haka, dole ɗan gida ne zai tuƙa. Sannan akwai adadi. United, alal misali, an tsayar mata da manyan jiragen shata, masu kujera 70 zuwa 76, a guda 255, ba ƙari.

To amma shingen nan ba a nan aka fara kafa shi ba. Da can ƙananan jirage masu farfela kawai ake bari wa 'yan waje. A shekarun 1990 aka kawo ƙananan jet masu kujera 50, aka ɗan ja shinge baya. Sai 70. Sai 76. Kowane ja da baya, akwai hannun ƙungiya a takardar.

Kwamared: Da wuƙa a wuya aka sa hannun, Injiniya, ka faɗi wannan ma. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 kamfanonin nan ɗaya bayan ɗaya suka tafi kotu suka ce sun karye. United a 2002, Delta da Northwest rana ɗaya a Satumban 2005, American a 2011. Matuƙan Delta sun yarda an zabge musu kashi 32.5 na albashi a 2004, bayan nan aka sake zabga. Na United kuwa fanshonsu aka rushe. Mutumin da alƙali ke gaya wa ko ka yarda ko in yage yarjejeniyar gaba ɗaya, za ka ce masa ya sayar da ƙannensa? Gidansa ke ci da wuta.

Baban Ilham: Na yarda da na lokacin karyewa. To na 1983 fa? Wace wuta ce ke ci a American lokacin da matuƙansu suka amince a yi albashi hawa biyu, waɗanda ke ciki su riƙe nasu, duk wanda za a ɗauka daga baya a biya shi ƙasa sosai a kan aiki iri ɗaya? Wanda ba a ɗauka ba tukuna ba shi da ƙuri'a, shi ya sa ya fi daɗin sayarwa. Kuma a 2012 Delta ba a kotu take ba, amma matuƙanta suka amince a ƙara wa 'yan shata jirage 70 masu kujera 76.

Injiniya: Ka cika zancen dai, Yaya. A waccan ta 2012 musaya aka yi. An ƙara masu 76, amma aka rage masu kujera 50 da yawa, sannan Delta ta kawo Boeing 717 guda 88 waɗanda 'yan gida ke tuƙawa. Idan ka auna, aikin da ya dawo cikin gida ba kaɗan ba ne. Ana iya musu a kan wa ya ci riba, amma ba kyauta suka bayar ba.

Maman Walid: Salamu alaikum. Ina ta karantawa shiru, amma abin ya zo wurina. Shekara shida na yi a kantar wani banki a Kano. Kayan bankin nake sawa, katin wuya na bankin, in kuɗi ya yi gibi ni ake cira. Amma a takarda ni ma'aikaciyar wani kamfani ce da ofishinsu ma sau ɗaya na taɓa zuwa. Wadda ke kujerar kusa da ni, aikinmu ɗaya, har ni na koya mata, tana ɗaukar kusan ninki uku na nawa, tana da asibiti, tana da rance. Ranar da ƙungiyarsu ta zauna da shugabanni a kan ƙarin alawus, ba wanda ya ambaci mu. Ba mugunta ba ce, kirki gare su wallahi, kawai dai ba mu cikin lissafi. Don haka Kwamared, da girmanka, na fahimci Baban Ilham sarai.

Kwamared: Hajiya, Allah ya saka miki, ban ƙi taki ba. Amma ke ba ki da ƙungiya ko kaɗan. Su waɗannan yaran akasarinsu suna da ita.

Barista: Nan ne ma abin ya fi ɗaure kai, Kwamared. Babbar ƙungiyar, ALPA, wadda aka kafa tun 1931, tana da mambobi sama da 70,000 a Amurka da Kanada. Ita ke wakiltar matuƙan Delta da United, kuma ita ce dai ke wakiltar na Endeavor da Envoy da PSA da Piedmont. Wato lauya ɗaya yana tsaya wa mai gona da makiyayi a shari'ar burtali ɗaya. Duk jirgin da aka hana ɗan shata, aiki ne ya ragu a wurin wani mamban nata. Duk wanda aka ba shi, aiki ne ya fita daga hannun wani mamban nata. Har ta kai wasu matuƙan Comair, wani ƙaramin kamfani na Delta, sun maka ƙungiyar tasu a kotu a farkon shekarun 2000, suna cewa ta fifita manya a kansu. Na American su ƙungiyarsu daban ce, APA. Na Republic suna ƙarƙashin wata ƙungiyar ƙwadago mai suna Teamsters. SkyWest kuwa, wanda ya fi duk ƙananan girma, matuƙansa ba su cikin ƙungiyar ƙwadago ta waje sam, wata majalisa ce ta cikin gida suke da ita.

Ɗan Maraɗi: To su ƙananan su tafi yajin aiki mana. In jirage kashi 40 suka tsaya ai ko shugaban ƙasa sai ya fito.

Barista: Malam, a can yajin aikin matuƙa ba kamar na malaman jami'a ba ne da za a yi taro da daddare a wayi gari an kulle ƙofa. Dokar da ke kansu ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce ta 1926, aka shigar da na jiragen sama cikinta a 1936. A ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta mutuwa. In wa'adinta ya cika, sai dai a ce lokacin gyara ya yi, kowa ya ci gaba da aiki a kan tsohon albashi har a gama, ko da shekara uku za a yi ana ja. In an kasa daidaitawa sai hukumar sasanci ta tarayya ta shigo, kuma ita kaɗai ke da ikon cewa ta sallame ku. Tana iya riƙe ku iya son ranta. In ta sallama, a jira kwana 30 zukata su huce. Bayan nan ma shugaban ƙasa na iya kafa kwamitin gaggawa ya sake dakatar da komai. An gani a Fabrairun 1997: matuƙan American suka fara yajin aiki da tsakar dare, cikin 'yan mintoci Bill Clinton ya sa hannu ya tsayar da shi. Kuma cikin manyan abin da ake rigima a kai a lokacin, har da wannan maganar tamu, wa zai tuƙa ƙananan jet.

Shi ya sa in kun ga hoton matuƙa sun jeru a bakin filin jirgi da kaki da hula suna riƙe da kwalaye, ba yajin aiki suke ba. Ranar hutunsu ce suka fito. Ƙuri'ar da matuƙan Delta suka kaɗa a Oktoban 2022, kashi 99 suka ce sun yarda a tafi yajin aiki, hannunka mai sanda ce kawai. Ba su da ikon tafiya washegari.

Injiniya: Ɗan Maraɗi, an taɓa gwada shawararka, kuma duk ɗan ƙaramin kamfani ya san labarin kamar karatun sallah. Comair, na Sinsinati, wanda Delta ta saya. A 2001 matuƙansa suka bi duk matakan da Barista ya lissafa, suka ajiye aiki tun daga ƙarshen Maris, kwana 89 cur. Sun ci nasara, sun samu albashin da ya fi na kowa a cikin ƙananan. Sai me? Delta ta ɗauki darasi. Ba ta sake barin kamfani ɗaya ya riƙe mata gari ɗaya ba, ta rarraba aikin ga kamfanoni da dama. Comair ya zama mai tsada a cikin masu araha, aka riƙa zare masa jirage kaɗan-kaɗan ana ba wasu, har a ƙarshen Satumban 2012 aka rufe shi baki ɗaya.

Abin da ke sa wannan ya yi ciwo shi ne lambar shiga aiki. A wurin matuƙi komai a kanta yake rataye: wane jirgi za ka tuƙa, yaushe za ka zama kyaftin, wane gari za ka zauna, za ka yi sallah a gida ko a otal. Kuma lambar ba ta bin mutum. Kyaftin mai shekara 20 a Comair, ranar da aka rufe, in ya samu aiki a wani wuri, a ƙarshen layi zai tsaya, a kujerar mataimaki, da albashin sabon shiga, a bayan yaron da ya shigo makon jiya. Ni injiniya in na bar nan na tafi wani kamfani da lasisina da shekaruna nake tafiya. Shi matuƙi awanninsa ne kawai ke binsa, matsayinsa yana nan inda ya bar shi.

Kwamared: To kun ji. Ku gaya mini wa ya rufe Comair, ƙungiya ko kamfani?

Maman Walid: Kamfani ne, Kwamared, ba musu. Ni tambayata ta fasinja ce. Ɗana na can yana karatu, irin jiragen nan yake hawa. Wanda ake biya kaɗan, ana wahalar da shi, lafiya lau ne ya ɗauki rayukan mutane? Na tuna a Janairun 2025 irin wannan ƙaramin jirgin ne ya yi hatsari a Washinton.

Injiniya: Hajiya, wancan kada a haɗa shi da wannan magana. Jirgin PSA ne, gaskiya, amma yana kan hanyarsa ta sauka jirgin soja mai saukar ungulu ya yi karo da shi, mutum 67 suka rasu, Allah ya kyauta. Ba batun albashi ba ne. Wanda ya shafi tambayarki shi ne na 12 ga Fabrairun 2009. Jirgi ya tashi daga Niwak zuwa Bafalo, fasinjoji sun sayi tikitin Continental, amma kamfanin Colgan ne ke tuƙi. Ya faɗi kan wani gida dab da sauka, mutum 50 suka mutu har da ɗaya a ƙasa. Da aka yi bincike, kuskuren kyaftin ne lokacin da jirgin ya yi gargaɗin gudunsa ya ragu: maimakon ya sunkuyar da hancin jirgi, sai ya ɗaga. Amma abin da ya girgiza mutane shi ne rayuwar matuƙan. Mataimakiyar tana ɗaukar wajen dala 16,000 a shekara. Daga Siyatil take zuwa aiki, ƙarshen ƙasar zuwa ɗaya ƙarshen, a jiragen ɗaukar kaya ta kwana tana tafe kafin ranar.

Iyalan mamatan ba su zauna ba, suka yi ta sintiri a majalisa har aka yi doka a 2010. Daga 2013 ba a ɗaukar mataimakin matuƙi sai yana da awa 1,500 a sama, alhali da 250 ta isa. An sassauta wa tsofaffin sojoji zuwa 750, masu digirin tuƙi 1,000. Kuma ƙananan baƙaƙen nan da Baban Ilham ya gani a tikitinsa, dokar ta ƙara tsananta cewa dole a nuna wa mai saye wanda zai tuƙa shi tun kafin ya biya.

Barista: Sai dai a faɗi gaskiya, Injiniya, matuƙan Colgan ɗin su biyun duk sun haura awa 1,500. Da dokar na nan ma ba za ta hana su hawa ba. Shi ya sa masu kamfanoni ke cewa ƙungiya ta fake da gawa ne ta ƙuntata ƙofa don farashin matuƙi ya tashi.

Kwamared: In ma haka ne, Barista, madalla. Ƙofar da ta ƙuntata ita ta kashe albashin dala 16,000. Shekara nawa ana roƙo ba a ji ba?

Ɗan Maraɗi: Ni dai kwalin da ya ɗaure mini kai shi ne kujera 76. Me ya sa ba 80 ba? Wa ya yi istihara ya samo 76?

Injiniya: Ciniki ne kawai, kamar a ce albarka a tsaya a nan. Amma ka ga ƙarfin lambar. Embraer na Birazil sun ƙera sabon samfurin jirginsu E175 da ƙananan kamfanonin nan ke tuƙawa, injinsa ya fi shan mai kaɗan, ya fi shiru, ya yi tashin gwaji a Disambar 2019. Sai dai sababbin injinan sun yi nauyi, jirgin ya haura tan 44, ya tsallake shinge. Ba kamfanin Amurka da zai iya ba ɗan shata shi, kuma in ɗan gida zai tuƙa lissafin ba ya fita. Embraer suka jingine shi, suna ta ƙera tsohon samfurin har yau. Mitsubishi na Japan sun zuba biliyoyin daloli a nasu jirgin, shi ma nauyin nan na cikin abin da ya sha masa kai, suka haƙura a Fabrairun 2023. Mafi ban dariya shi ne na United. Da adadinta na manyan jiragen shata ya cika, sai aka ɗauki jirgi mai ɗaukar mutum 70 aka cire kujeru ya koma 50, aka sake masa suna CRJ550, a 2019. Filin da ya rage aka yi kabad na ajiye akwatuna a cikin jirgi. Na taɓa shiga ɗaya, ka miƙe ƙafa kamar a falon gidanku. Fasinja na jin daɗi, bai san rigimar ma'aikata ce ta ba shi wurin ba.

Baban Ilham: Jama'a, na tura wa Auta hotunan hirar nan, ya ce in sa shi a zauren. Ga shi nan.

Autan Hajiya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na karanta duka daga otal. Yaya, ka yi haƙuri, zan ɗan saɓa maka a gaban mutane.

Da farko, ba mu cikin halin da na Colgan suka shiga. A 2022 da manyan suka kwashe kyaftin-kyaftin ɗinmu da yawa, ƙananan suka rasa masu tuƙi, jirage suna ajiye a ƙasa, dole suka buɗe baki. Kamfanonin American suka kai sabon mataimaki dala 90 a awa, saura suka bi. Sai dai a gaya wa mutanen gida yadda awar take. Ba daga lokacin da na isa filin jirgi ake ƙirgawa ba. Daga rufe ƙofar jirgi ne zuwa buɗe ta. Zagayen duba tayoyi da fukafukai cikin ƙanƙara, jiran fasinja, zaman awa uku tsakanin sawu da sawu, duk sadaka ne. A wata ana lamunce maka wajen awa 75. Ku lissafa, ku cire haraji, ku cire bashin makarantar tuƙi da ya haura dala 100,000, wanda Yaya ne ma ya tsaya mini a kansa. Garin da aka ajiye ni ba nan iyalina suke ba, don haka mu tara muke haɗa kuɗi muna kama gida ɗaya kusa da filin jirgi, gadaje masu hawa biyu kamar ɗakin kwanan sakandare. Kowa da jakar barcinsa. Agogon wani na bugawa ƙarfe 3, na wani ƙarfe 4.

Amma duk da haka, in yau aka ba ni ƙuri'a a kan shingen nan, cewa zan yi a ƙara matse shi. Ko da kamfaninmu ne zai rasa jirage.

Maman Walid: Ikon Allah. Auta, kai da bakinka? Ai abincinka ne.

Autan Hajiya: Anti, bambancina da ke shi ne, ke ba a taɓa nuna miki ƙofar shiga ciki ba. Ni ina ganin ƙofar. Ba wanda ya zo nan don ya tsufa. Kowa awanni yake tarawa ya haye babban kamfani. Duk jirgin da aka ba mu a nan, kujera biyu ce ko fiye ta ragu a can inda nake son zuwa. Da a ce an bar shinge ya kai kujera 100, da kamfaninmu ya ninka girma, da na zama kyaftin da wuri, in kuma mutu a nan ina tuƙa aikin manya da rabin kuɗinsu. Yarjejeniyar Delta ta Maris 2023, kashi 18 nan take sannan 5, 4, 4, ban samu ko sisi a ciki ba, amma na yi murna, domin gidan da nake fatan shiga ne aka gyara. Kuma a zagayen nan duka, Delta da American da United, ba wanda ya sayar da kujera ko ɗaya a kan 76. Wannan na yaba musu.

Inda Yaya yake da gaskiya shi ne, mu masu jiran gado ne kawai muke wannan lissafi. Akwai kyaftin da nake tashi da shi, ya haura shekara 55, ya fi shekara 20 a nan. Lokacin da ya kamata ya haye, sai 2001 ta zo, sannan aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65 a 2007, layi ya tsaya cak shekara biyar. Yanzu in ya tafi, ƙarshen layi zai koma, ga 'ya'ya a jami'a. Shi nan ne gidansa. In ana maganar a matse shinge a gabansa, shiru yake yi ya kalli taga. Ban taɓa jin wani daga manyan ya ce a haɗa jerin sunayenmu da nasu ya zama ɗaya ba, wanda shi ne kaɗai zai fisshe shi.

Kwamared: Yaro, Allah ya yi maka albarka. Jeri ɗaya, shi ne maganar. Kamfani ɗaya, fenti ɗaya, jeri ɗaya.

Barista: Faɗi da sauƙi, Kwamared. Kamfani ba zai so ba don arahar ce za ta tafi. Kuma ka je ka gaya wa mataimaki mai shekara 5 a babban kamfani cewa kyaftin ɗin Auta mai shekara 20 zai shigo ya zauna a gabansa, ka ga yadda 'yan uwantakar ƙwadago ke ƙarewa. Ko manya da manya da suka haɗe, US Airways da America West a 2005, rigimar jerin sunaye ta kai su kotu shekara da shekaru, har ta fasa musu ƙungiya.

Baban Ilham: Auta, to yaushe za ka haye ɗin? Bara ka ce bana.

Autan Hajiya: Yaya, ai ka san abin da ya faru. Tun 2024 Boeing suka kasa kawo jirage a kan lokaci, manyan suka rage ɗauka, wasu suka dakatar na 'yan watanni, kamfanin Spirit ma har sallamar matuƙa suka yi na wucin gadi, waɗannan kuma duk sun fi ni awanni, suna gabana a layin neman aiki. Sai na fara zama kyaftin a nan tukuna in tara awannin kujerar hagu, wato ta kyaftin. Ana cewa wataƙila baɗi.

Ɗan Maraɗi: Allah ya nuna mana. In ka zama kyaftin ka zo ka ɗauke mu a jirgin alhazai, mu ma nan jirgin haya ake kawo mana da matuƙansa Turawa, fentin wani, tikitin wani.

Injiniya: Wannan kam wata muhawarar ce, Ɗan Maraɗi, ga yaranmu da suka gama kwalejin tuƙin jirgin sama ta Zariya suna zaune da lasisi a aljihu ba jirgin tara awanni. A buɗe mata nata zaren.

Autan Hajiya: Zan shigo in an buɗe. Yanzu dai bari in kwanta, motar otal ƙarfe 4:20 za ta ɗauke mu, sawu biyar gare ni gobe. Yaya, don Allah ka yi wa Kawu bayanin maganar rufin ɗakin nan, ni nauyinsa nake ji.

Baban Ilham: Zan kira shi bayan Juma'a. Kai ma ka kira Hajiya kafin ka tashi, tun jiya take tambayarka.